Sujadar Gida Da Makomar 'Ya'yan Kirista

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar da Kiristoci suke da yawa, ko a Sabon Tasha ta Kaduna ne, ko Tudun Wadar Jos, ko Wusasa, ko kuwa a barikin soja da na 'yan sanda a Ikko da Badun, ya san wata murya da takan tashi daga wasu ɗakuna tun gari bai gama wayewa ba. Da fari sai a ji uwargida ta ɗauko waƙa a hankali, sa'an nan muryar maigida ta biyo baya, can kuma sai muryoyin yara masu magagin barci su shigo ɗaya bayan ɗaya. In an ƙare waƙar sai wani ya karanta 'yan ayoyi, a yi addu'a, a shafa da amin, kowa ya kama gabansa. Abin duka da ƙyar yake wuce rubu'in sa'a. Wannan ita ce sujadar gida, wadda wasu ke kira addu'ar safe, kuma kukan da ake yawan ji yanzu a bakin fastoci da dattawan ikkilisiya shi ne muryar nan tana ƙara yin ƙasa. Mai karatu Musulmi ba zai ga baƙon abu a cikin wannan kuka ba, domin irinsa ne iyaye ke yi a kan yaron da ya fara zille wa makarantar allo ko ya daina tashi da asuba.

Asalin al'adar ba shi da wuyar bi. Turawan mishan sun shigo Arewa ƙungiya ƙungiya: 'yan S.I.M. suka kafa tasharsu a Patigi cikin 1902, 'yan S.U.M. suka sauka Wase cikin 1904, limaman Katolika suka zauna a Shendam cikin 1907, mishan ɗin Danmak ya isa Numan cikin 1913, 'Yan'uwa kuma suka fara sujada a ƙarƙashin tsamiya a Garkida cikin 1923. Yawancinsu sun tarar da ƙabilu masu harsuna barkatai, don haka suka riƙi Hausa ta zama harshen wa'azi da na karatu. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa cikin 1932, aikin da Likita Walter Miller ya ɗauki babban rabo a cikinsa tare da wasu Turawa da malamai 'yan ƙasa, sai mutumin Angas da na Birom da Tangale da Bura da Bajju suka sami littafi guda da za su iya karantawa su fahimci juna. A wurare da yawa kuwa ba a yi wa matashi baftisma sai ya iya karatu. Saboda haka mutumin da ya tuba yakan koma gida da abu biyu, watau sabon addini da ilmin baƙaƙe, ya kuma koyar da su tare a kan tabarma ɗaya, da fitilar aci-bal-bal ko ta ƙwai. Yara da yawa a cikin Bisharar Markus ko Zabura suka fara haɗa baƙi da wasali.

Wusasa, inda mishan ɗin C.M.S. ya koma daga cikin birnin Zariya wajen ƙarshen shekarun 1920, ta isa misali. Ƙauye ne ƙarami a gindin dutse, amma daga cikinsa aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, a makarantarsa kuma Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu kafin ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A nan ne Janar Yakubu Gowon ya tashi, ɗan mai bishara Yohanna Gowon. Bayan ya yi mulkin ƙasa daga 1966 zuwa 1975, ya ga yaƙi ya ga gudun hijira, abin da ya kafa cikin 1996 ƙungiyar yi wa Nijeriya addu'a ce. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Shi kansa Littafi Mai Tsarki a wuyan iyaye ya rataya wannan aiki. A sura ta 6 ta Maimaitawar Shari'a an umarci Isra'ilawa su riƙa nanata wa 'ya'yansu dokokin Allah a zaman gida da kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi, ba a ambaci firist ko malami ba. Amma akwai wata hikima a wasu wurare biyu da ba a cika lura da ita ba. A sura ta 12 ta Fitowa, inda aka kafa Idin Ƙetarewa, da sura ta 4 ta Joshuwa, inda aka jibge duwatsu goma sha biyu bayan an haye Urdun, dalilin da aka bayar iri ɗaya ne: wata rana yara za su ga abin su tambayi ma'anarsa, sa'an nan iyaye su ba su labari. Watau an shirya al'adar ne musamman don ta jawo tambaya daga bakin yaro. To, gidan da ake yin sujada kullum amma ba a yarda yaro ya buɗe baki ya ce don me ba, ya riƙe kwasfa ne ya yar da ƙwaya.

Akwai kuma labarin Timoti. Bulus, a wasiƙarsa ta biyu gare shi, ya danganta bangaskiyar saurayin ga kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki, Ayyukan Manzanni kuwa ya nuna mahaifinsa Bahelene ne. Wannan ya yi daidai da abin da ido ke gani a ikkilisiyoyin Arewa. A kan mumbari akan ce maigida shi ne firist na gidansa, amma in za a faɗi gaskiya, a gidaje da yawa uwa ce ke tashin kowa, ita ce ta haddace lambobin Littafin Waƙoƙi, ita ce kuma ke dawowa daga taron Zumuntar Mata da sabuwar waƙa ta koya wa yara a bakin murhu. Matan nan masu anko da tulu da caki sun koyar da tauhidin Kirista ga yaran da ba su taɓa ganin ƙofar makarantar tauhidi ba. Maza da yawa sun bar musu kayan baki ɗaya, ɗa namiji kuwa in ya ga mahaifinsa yana minshari lokacin da mata ke waƙa, yakan ƙulla a ransa cewa ibada aikin mata da ƙananan yara ne, yana jiran ranar da gemu zai fito masa ya huta.

Magabatan ikkilisiya a ƙasashen Turai sun san da wannan. Martin Luther ya rubuta ƙaramin littafinsa na tambaya da amsa cikin 1529 bayan ya zaga ƙauyuka ya tarar mutane ba su san ko Dokoki Goma ba, kuma masu gida ya nufa da shi, su koya wa iyalinsu. Har wa yau Lutherawan Numan suna amfani da shi. Susanna Wesley, wadda ta haifi 'ya'ya 19 ko da yake da yawansu sun rasu tun suna jarirai, ta keɓe wa kowane yaro lokacinsa a mako don su zauna su biyu kawai. Daren Alhamis shi ne na John, wanda daga baya ya kafa ɗariƙar Methodist. Ita kuwa Makarantar Lahadi, wadda iyayen yanzu suka miƙa wa ragama, Robert Raikes ya fara ta a Gloucester ta Ingila cikin 1780 domin yaran talakawa masu aikin masana'anta kwana shida, waɗanda ba su da mai koya musu kome a gida. Magani ce aka yi wa marasa gata. Mako yana da sa'a 168, Makarantar Lahadi ba ta cin fiye da ɗaya ko biyu a ciki, sau da yawa kuma malama guda ce a gaban yara masu ɗimbin yawa a ƙarƙashin bishiya. Ko 'yan birged, waɗanda ƙungiyarsu ta maza ta iso Nijeriya cikin 1908, maci da horo suke ƙarawa a kan abin da yaro ya zo da shi daga gida.

Me ya sa muryar ke yin ƙasa? Wani dalilin ba laifin kowa ba ne. Ma'aikacin da ke zaune a Mararraba ko Masaka yana aiki a cikin Abuja tilas ya fita tun da duhu in yana so ya tsere wa cunkoson motoci, ya kuma dawo yara sun yi barci. Haka abin yake a Ikko, har ya fi. Wayar hannu ta ƙwace zaman hira na bayan tuwon dare, ba a hannun yara kaɗai ba, domin uban da ke faɗa a ajiye waya shi ma tasa tana tafin hannunsa. Amma akwai dalilin da ikkilisiya da kanta ta jawo, wanda ba a son faɗa. Litinin taron dattawa, Talata Zumuntar Mata, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis koyon waƙa, Jumma'a kwanan addu'a, Asabar biki ko jana'iza. Mutum yakan zama ginshiƙi a majami'a alhali kuwa baƙo ne a gidansa. Ba banza ba ne ake yi wa 'ya'yan fastoci da na dattawa wani irin zambo. Ikkilisiyar da ke son sujadar gida ta rayu sai ta sakar wa iyaye waɗansu darare.

Sai kuma batun harshe, wanda ya fi sauran sarƙaƙiya. Kaka tana addu'a da yaren ƙauyensu, iyaye sun tashi da Littafi Mai Tsarki na Hausa, jikoki kuwa a birni Turanci suke ji ko burokan. In aka zauna sujada, da wane za a yi? Gidaje da yawa sun zaɓi Turanci, wai don yara su gane. Sakamakon haka kaka ta zama 'yar kallo a wurin da ta fi kowa abin faɗa, uwa tana tuntuɓe a kan kalmomin da ba su taɓa ratsa zuciyarta ba, yara kuma suna jin addu'a da harshen da ake ba su aikin gida a makaranta. Waɗansu sun nace wa Hausa zalla, yara suna amsa amin ba su san abin da aka roƙa ba. Majami'u da dama na ECWA da COCIN da EYN da HEKAN a birane sun raba sujadar Lahadi biyu, ta Turanci da ta Hausa, har ya zama iyali guda sukan fita gida a lokaci dabam dabam, matasa su tafi ta farko, tsofaffi su tafi ta biyu. To, in a gida ma ba a haɗu ba, a ina za a haɗu?

Dabarar da ta fi kama hankali ita ce wadda wasu iyalai suke yi ba tare da wani ya tsara musu ba: yaro ya karanta ayar da Turanci, uba ko uwa su karanta ta da Hausa, kaka ta yi addu'a da yarenta, waƙa kuma a yi ta da harshen da aka fi jin daɗinta. Lokacin da wannan ke ƙarawa kaɗan ne, ribarsa kuwa biyu, domin yaro yana tsintar harshe yana tsintar ibada. Hukumar fassara Littafi Mai Tsarki da ke Jos, wadda aka kafa cikin 1976, ta taimaka an fitar da Sabon Alkawari a harsunan ƙabilu da dama, amma littattafan nan sukan yi ƙura a kan kanta saboda babu wanda ya koya wa yara karanta su. Ko a cikin Hausar ma akwai ratar zamani. Tsohon da ya tashi da fassarar 1932 zai ce a buɗe Misalai ko Kubawar Shari'a, jikansa mai riƙe da fassarar da aka fitar wajen 1980 ya yi ta laluben shafi bai samu ba, don a nasa littafin Karin Magana ne da Maimaitawar Shari'a. Irin wannan ɗan ruɗani abin dariya ne, kuma ƙofa ce ta ba da labarin yadda littafin ya zo hannun kakanni.

Akwai wata magana mai ɗaci da ya kamata a faɗa wa iyaye masu himma, don su ne suka fi faɗawa cikin ramin. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarawa dabam, karyawa dabam. Gidan da ake tashin yara da bulala ƙarfe huɗu na dare, a tsayar da su sa'a guda maigida yana wa'azi, a kuma mai da addu'a wurin tonon silili, inda za a riƙa gaya wa Allah laifin wane da rashin jin wance a gaban 'yan'uwansu, gidan nan yana koya wa yaro ya haɗa sunan Allah da tsoro da kunya. Irin waɗannan yara sukan haddace ayoyi fiye da kowa, su ci kyauta a gasar Makarantar Lahadi, ranar da suka shiga jami'a kuwa su ajiye littafin a ƙasan akwati. Wasiƙar Afisawa, a wurin da ta umarci 'ya'ya su yi biyayya, nan take ta gargaɗi ubanni kada su tsokane su har su fusata, amma rabin farko aka fi karantawa. Yaro kuma ɗan sanda ne mai ido. Uban da ya idar da addu'a ya juya ya zagi matarsa, ko ya aiki yaro ya gaya wa mai bin bashi ba ya nan, ya rushe abin da ya gina tun rana ba ta fito ba. Dattawa da yawa in aka tambaye su abin da ya riƙe su cikin bangaskiya, ba wa'azi suke tunawa ba. Sukan ambaci ranar da suka ga mahaifinsu ya nemi gafarar wani, ko daren da suka farka suka ji uwarsu tana kiran sunayensu ɗaya ɗaya cikin addu'a.

Shekarun baya sun gwada ƙarfin al'adar nan sau biyu. Cikin 2014 rikicin Boko Haram ya watsa jama'ar kudancin Borno da arewacin Adamawa, Musulmi da Kirista. A watan Oktoba na shekarar aka mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci, majami'u masu yawa suka ƙone, wasu iyalai daga yankin Gwoza suka tsallaka Kamaru zuwa sansanin Minawao. Wanda ya gudu da kayan jikinsa bai ɗauki mumbari ko Littafin Waƙoƙi ba. Abin da ke cikin ka shi ya bi shi, watau waƙoƙin da aka haddace da Zabura da Addu'ar Ubangiji. Sa'an nan cikin 2020 annobar korona ta sa aka rufe wuraren ibada a jihohi da dama, Musulmi suka yi azumi ba tarawihi a masallaci, Kiristoci da yawa kuma suka yi Ista ta ranar 12 ga Afrilu a cikin falo. A ranar ce magidanta da dama suka gane ba su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki a gaban 'ya'yansu ba, ba su ma san ta inda ake farawa ba. Waɗanda suka saba kuwa, ko da ɗan littafin nan Abincin Yini ne suke bi shafi shafi, ba su ji wata girgiza ba.

Ban da ta kullum, akwai al'adun da ke zuwa da lokaci, su ma suna da aikinsu. Ranar suna, sa'ad da fasto ya zo da sassafe ya yi wa jariri addu'a, ita ce ranar farko da ake ɗaura wa yaro labari. Sunaye irin su Godiya da Alheri da Murna da Haske, ko sunayen Filato masu farawa da Nan ko Nen, watau Allah, kowanne yana ɗauke da abin da ya faru da iyali a shekarar. Yaron da aka gaya masa dalilin sunansa ya sami wa'azin da zai bi shi har kabari. Anglikan da Katolika da Lutherawa suna yi wa jarirai baftisma, ECWA da Baptist da EYN kuwa miƙa yaro suke yi su jira ya girma ya furta da bakinsa, amma a duka biyun iyaye ne ke tsayawa a gaban jama'a su ɗauki alkawari. Lokacin godiyar kaka, a ƙauye yaro yakan ga damin dawar da ya taya nomawa an kai shi gaban majami'a, ya san abin da aka bayar. A birni an mai da abin ambulan, yaro ba ya ganin kome. Iyayen da ke ba ɗansu kaza ya kiwata, ko ɗan asusu ya tara, don ya kai nasa da hannunsa, sun fahimci abin da ambulan ta ɓatar.

Kirsimati kuwa ta fi kowace al'ada shiga ran yaro, da sabon ɗinki da shinkafa da cincin da tafiya gida. A cikinta akwai wani ɗan aiki da ake ba yara wanda darajarsa ta wuce yadda ake zato, watau kai kwanon abinci gidan maƙwabci Musulmi, wanda shi ma zai aiko da nasa ranar Salla. Yaron da ya taɓa ɗaukar kwanon nan ya yi sallama a zaure, aka amsa masa da fara'a aka ba shi tukwici, ya koyi ma'anar ƙaunar maƙwabci da ƙafafunsa. Rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 sun raba unguwanni, har aka sami yaran da suka girma ba su da maƙwabci ko ɗaya na wani addini. Iyalan da har yanzu suke ɗaukar yara a mota ko a Keke su ƙetare gada don gai da tsohon maƙwabci ranar biki suna yin aikin da taron sulhu na otal bai iya yi.

A gidajen tsofaffin masu bi akan sami Littafi Mai Tsarki mai baƙin bango wanda ya sha ɗinki, an naɗe shi a tsumma ko leda. In aka buɗe shafin farko sai a ga rubutun hannu da tawada iri iri: ranar aure, ranar haihuwar kowane ɗa da garin da aka haife shi, ranar baftisma, da sunayen waɗanda suka rasu tun suna goye. Galibi rubutun yakan tsaya ne a kan 'ya'yan mai littafin, ƙasan shafin kuwa fari fat, ba a sa jikoki ba. Littafin da ke cikin waya ba shi da irin wannan shafi, amma na kakan yana nan a ƙasan adaka, kuma da sauran wurin rubutu.